Lissafi a Bakin Ɗalibi: Yadda Malami Zai Ja Ragamar Tattaunawa a Aji

Gabatarwa

A wajen shekarar 1980 waɗansu masu binciken koyar da lissafi a birnin Grenoble na ƙasar Faransa suka yi wa yaran firamare wata tambaya. Suka ce: a cikin wani jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, to, shekarun matuƙin jirgin nawa? Kowa ya san wannan tambaya ba ta da amsa, domin yawan dabbobi ba ya nuna shekarun mutum. Amma daga cikin yara 97 da aka tambaya, sai da 76 suka ba da amsa ta hanyar sarrafa lambobin da suka gani. Wanda ya haɗa 26 da 10 ya sami 36, ya rubuta, ya miƙa.

Yaran nan ba dolaye ba ne. Da a kasuwa aka yi musu tambayar, da dariya za su yi. Abin da ya faru shi ne, zaman aji ya riga ya koya musu, ba tare da kowa ya faɗa da baki ba, cewa kowace tambayar lissafi tana da amsa guda, amsar kuma tana cikin lambobin da aka bayar, aikin ɗalibi shi ne ya juya su da sauri kafin malam ya wuce gaba. Ɗalibin da ya tashi da wannan fahimta yana iya cin jarrabawar mako, amma da zarar an sauya wa tambaya riga sai ya rikice. Daga nan sai tsoro, daga tsoro sai ƙiyayya, daga ƙiyayya kuma sai ƙofar likitanci da injiniyanci da sauran fannonin kimiyya ta rufe masa tun bai gama sakandare ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa malamai da ɗalibai wata hanyar koyarwa wadda ke sa ɗalibi gaba, wato wadda ake gina darasi a kan tunaninsa, kuma ta bayyana yadda malami zai tafiyar da tattaunawa a aji har ta haifar da ilimi.

Yadda Aka Saba

Mai karatu ya tuna da darasin lissafin da ya fi sabawa da shi. Malam ya shigo, ya rubuta ƙa'ida a kan allo, ya yi misali biyu ko uku, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "E, Malam!" Sai a ba da aiki goma masu kama da misalin. In an yi tambaya, gajera ce: malam ya tambaya, ɗalibi ɗaya ya ba da amsa, malam ya ce daidai ne ko ba daidai ba, a wuce. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Hugh Mehan, ya bayyana wannan salo mai ƙafa uku a cikin binciken da ya buga a 1979. Illarsa ita ce, amsa kawai ake ji, ba a jin hanyar da aka bi aka same ta. Wanda ya dace da amsa bisa sa'a da wanda ya fahimta duk yabo ɗaya suke samu.

A shekarar 1982 wani kwamiti a ƙarƙashin Wilfred Cockcroft ya fitar da rahoto kan koyar da lissafi a makarantun Ingila da Wales. Rahoton ya lissafa abubuwa shida da ya kamata a samu a koyar da lissafi a kowane mataki: bayanin malami, tattaunawa tsakanin malami da ɗalibai da kuma tsakanin ɗalibai su ya su, aikin hannu, maimaita aiki don ya zauna, warware matsaloli, har da na rayuwar yau da kullum, da kuma bincike. A lura, bayanin malami da maimaitawa suna cikin jerin, ba a kore su ba. Matsalar ita ce a azuzuwa da yawa su biyun nan kaɗai ake yi, sauran huɗun an bar su a takarda.

Abin da Na'urar Ɗaukar Hoto ta Gani

Gani ya kori ji. A tsakiyar shekarun 1990, a cikin babban binciken ƙasa da ƙasa kan lissafi da kimiyya da ake kira TIMSS, an ɗauki hoton bidiyo na darussan lissafi 231 na aji takwas, wanda ya yi daidai da aji biyu na ƙaramar sakandare a tsarin Nijeriya: 100 a Jamus, 81 a Amurka, 50 a Japan. James Stigler da James Hiebert sun yi sharhin abin da aka gani a littafin da suka fitar a 1999. Da aka auna lokacin da ɗalibai ke aiki a kujerunsu, sai aka ga a Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na lokacin yana tafiya ne wajen maimaita hanyar da malami ya riga ya nuna, a Jamus kusan kashi 90, a Japan kuwa kimanin kashi 40 kacal. Fiye da kashi 40 na lokacin ɗaliban Japan ya tafi ne wajen ƙirƙiro hanyar warware matsalar da ba a nuna musu ba.

Darasin Japan irin wannan yana da tsari sananne, kuma kowane mataki malamansu sun ba shi suna. Malami yakan fara da jefa tambaya guda wadda ya daɗe yana shiryawa, ana kiran wannan hatsumon. Sai ɗalibai su duƙufa, shi kuma yana zagayawa tsakanin kujeru yana duba abin da kowa ke yi, wannan shi ne kikan-shido. Daga nan sai zuciyar darasin, wato neriage, inda ake fito da hanyoyi daban-daban a kwatanta su, a yi ta gogawa har a sami wadda ta fi. A ƙarshe malami ya taƙaita abin da aka koya, wato matome. Akwai kuma bansho, fasahar tsara allo: malami yakan yi ƙoƙari kada ya goge kome har a tashi, domin ɗalibi ya ga tafiyar darasin tun daga tambaya har zuwa ƙa'ida.

A Amurka, Margaret Smith da Mary Kay Stein na Jami'ar Pittsburgh sun tsara aikin malami a irin wannan darasi zuwa matakai biyar, a littafin da suka buga a 2011: hasashen amsoshi, sa ido, zaɓe, jerantawa da ƙullawa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya da misali.

Darasi Guda Daga Farko Zuwa Ƙarshe

Ga tambayar da za a ba aji: abokai goma sun haɗu ranar Salla, kowane ya yi musafaha da kowane sau ɗaya. Musafaha nawa aka yi gaba ɗaya?

Tambayar ta dace domin dalilai uku. Kowane ɗalibi zai iya farawa, ko da zane ne ko ƙirga da yatsu. Tana da hanyoyi da yawa. Sa'an nan a ƙarshenta akwai ƙa'idar aljabara da ake son a kai gare ta.

Mataki na farko, hasashe. Tun a gida malami zai zauna ya warware tambayar ta kowace hanya da yake zaton ɗalibai za su bi, har da hanyoyin kuskure. Wani zai ce 10 × 10 = 100, ya manta mutum ba ya ba kansa hannu. Da yawa za su ce 10 × 9 = 90, tun da kowa yana da abokai tara. Wani zai ce na farko ya gaisa da tara ya koma gefe, na biyu ya gaisa da takwas da suka rage, haka har zuwa ƙarshe: 9 + 8 + 7 + 6 + 5 + 4 + 3 + 2 + 1 = 45. Wani zai fara da mutane kaɗan ya yi jadawali: mutum 2 musafaha 1, mutum 3 musafaha 3, mutum 4 musafaha 6, mutum 5 musafaha 10. Wani kuma zai ce 90 ÷ 2 = 45. Malamin da ya yi wannan shiri ba abin da zai zo masa ba zato a aji, sai kaɗan.

Mataki na biyu, sa ido. Bayan an karanta tambayar an tabbata kowa ya fahimce ta, sai a ba ɗalibai lokaci, da farko kowa shi kaɗai, daga baya bibbiyu. Malami yana zagayawa da 'yar takarda, yana rubuta wa ya bi wace hanya. A nan ne jarrabawar malami take, domin bakinsa zai yi ta ƙaiƙayin faɗin amsa. In ya ga wanda ya tsaya cik, ya ishe shi ya ce, "Da su uku ne fa?" In ya ga wanda ya gama da wuri, ya ce, "Ta yaya za ka gamsar da wanda ya sami wata amsa dabam?"

Mataki na uku da na huɗu, zaɓe da jerantawa. Ba wanda ya fara ɗaga hannu ake kira ba, malami ne ke zaɓen waɗanda za su fito, bisa abin da ya gani, kuma shi ke tsara wa zai riga wa. A wannan darasi ya fi kyau a fara da 90, domin ita ce amsar da ta fi yawa, kuma tana ɗauke da rabin gaskiya. Tattaunawar tana iya tafiya kamar haka:

Ɗalibi na farko: Malam, 90 na samu. Mutum goma ne, kowa ya gaisa da tara.

Malam: Mun ji. Wa ya sami wata amsa dabam? Ke fa, me kika samu?

Ɗaliba: Malam, ni 45 na samu.

Malam: To, ga amsa biyu a kan allo, kuma ba za su zama daidai duka ba. Yaya za mu gwada ba tare da na faɗa muku ba?

Ɗalibi na biyu: A gwada da mutum uku, Malam.

Sai yara uku su fito gaban aji su gaisa, aji yana ƙirgawa. Za a sami uku. Amma hanyar ɗalibi na farko tana ba da 3 × 2 = 6. A nan malami ya yi shiru, ya bar aji ya nemo inda ukun da suka ƙaru suka fito. Ba a daɗe sai wani ya gano cewa musafaha ɗaya hannu biyu ne: an ƙirga ta sau ɗaya a wajen wannan, an sake ƙirga ta a wajen wancan. Don haka 90 ninki biyu ce ta amsar gaskiya. Shi kansa mai 90 ɗin ya kamata a ba dama ya gyara aikinsa, domin tunaninsa ne ya zama tsanin da aji ya taka.

Mataki na biyar, ƙullawa, shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ne ke mai da surutu ilimi. Idan ɗalibai huɗu suka fito, kowa ya faɗi tasa aka tafa masa ya zauna, to an yi baje koli ne kawai. Dole malami ya tambaya: me ya haɗa hanyoyin nan? Mai jadawali ya lura ƙarin yana tafiya 2, 3, 4. Me ya sa? Domin duk sabon zuwa sai ya gaisa da dukan waɗanda ya tarar, saboda haka na goma zai ƙara tara. Ashe jadawalin 1 + 2 + 3 har zuwa 9 ne, wato hanyar mai 9 + 8 + 7 ce aka karanto daga ƙarshe. To, me ya sa wannan jimla ta yi daidai da 10 × 9 ÷ 2? A rubuta jerin sau biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya:

9 + 8 + 7 + 6 + 5 + 4 + 3 + 2 + 1
1 + 2 + 3 + 4 + 5 + 6 + 7 + 8 + 9

Kowace lamba ta sama in an haɗa ta da ta ƙasanta 10 ake samu, kuma sau tara aka yi haka, ke nan 90. Tun da jeri biyu ne suka ba da 90, jeri ɗaya 45 ne. Yanzu hanyoyi uku sun zama ɗaya.

Sai malami ya ce, "Da mu 60 da ke ajin nan ne fa?" Ba mai son ya haɗa 59 + 58 + 57 har zuwa 1, don haka kowa zai koma ga gajerar hanya: 60 × 59 ÷ 2 = 1,770. A wannan gaɓa ce malami zai rubuta ƙa'idar, n × (n − 1) ÷ 2, ya bayyana ta da kyau, ɗalibai su kwafa. Ƙa'idar da aka rubuta a ƙarshen irin wannan tafiya ta fi zama a kai bisa wadda aka rubuta a farkon darasi, domin ɗalibi ya san daga inda kowane ɓangarenta ya fito. Aikin gida kuwa ga shi: a gasar Firimiya ta Ingila ƙungiyoyi 20 ne, amma wasa 380 ake bugawa a kaka, ba 190 ba. Me ya sa a nan ba a raba biyu ba? Wanda ya tuna da wasan gida da na waje ya fahimci darasin.

A darasin minti 40 ana iya ba gabatar da tambaya minti 5, aikin ɗalibai minti 12, tattaunawa minti 18, taƙaitawa minti 5. In akwai darasi mai ninki biyu a jadawalin mako, ya fi dacewa da wannan aiki.

Shirun Daƙiƙa Uku

Wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta shafe shekaru tana sauraron kaset-kaset na darussa tana auna lokaci. A farkon shekarun 1970 ta bayyana cewa malamai, bayan sun yi tambaya, kimanin daƙiƙa ɗaya kawai suke jira kafin su maimaita ta, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Da aka horar da malamai su riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, masu cewa "ban sani ba" suka ragu, waɗanda ba su saba magana ba suka fara sa baki, ɗalibai kuma suka fara kawo hujja suna yin tambayoyi da kansu. Ta nuna shirun iri biyu ne: na bayan tambayar malami, da na bayan amsar ɗalibi. Na biyun yana da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa ɗalibi bai gama ba, numfashi kawai yake yi, sai malami ya katse shi da "madalla".

Wannan gyara ba ya bukatar ko kwabo. Malami ya yi tambaya, ya ƙirga uku a zuciyarsa, sa'an nan ya kira suna. Akwai kuma dabarar da Frank Lyman na Jami'ar Maryland ya bayyana a 1981, mai hawa uku: kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya tattauna da na kusa da shi, sa'an nan a faɗa wa aji. Amfaninta shi ne, a aji mai ɗalibai 60, baki 30 ne ke magana a lokaci guda maimakon ɗaya, kuma mai jin kunya ya riga ya gwada maganarsa a kunnen abokinsa kafin ya faɗe ta a bainar jama'a.

Irin tambayar ma abin dubawa ne. "Kun gane?" ba ta auna kome, domin ladabi kaɗai ya isa ya sa yaro ya ce e. Ga waɗanda suka fi ta: Yaya aka yi ka sani? Wa zai maimaita abin da ta faɗa da kalmominsa? Ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, kuma don me? Kullum haka ne, ko akwai inda ba zai yi ba? Wa ya bi wata hanya?

Kuskure Abin Aiki Ne

A ce ɗalibi ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Malami yana iya jan jan biro ya sake faɗin ƙa'ida, amma mako mai zuwa kuskuren zai dawo, domin ba a taɓa saiwarsa ba. A maimakon haka, a rubuta shi a allo ba tare da sunan mai shi ba, a ce wa aji: ga goro 30, rabinsa nawa ne? 15. Sulusinsa fa? 10. In an haɗa? 25. To, biyu bisa biyar na 30 nawa ne? 12. Sai a tambaya: yaya za a yi mutum yana da rabi, a ƙara masa sulusi, ya koma da abin da bai kai rabi ba? Da aji ya ga 25 daga cikin 30 biyar bisa shida ce, zai gane dalilin da ya sa ake mai da rabi da sulusi su zama sudusi-sudusi kafin a haɗa: sudusi uku da sudusi biyu, sudusi biyar.

Wannan ba ya yiwuwa sai aji yana da dokoki, kuma malami ne zai kafa su tun makon farko. Ba a yi wa kowa dariya. Magana ake ƙalubalanta, ba mai ita ba. Wanda ya sauya ra'ayi saboda hujja ya yi abin yabo. Yaranmu sun tashi da tarbiyyar rashin jayayya da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai ya kamata malami ya bayyana musu cewa ɗalibi ya ce, "Malam, ban gamsu ba, a sake nuna mini," ba rashin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata. A aji mai haɗe da maza da mata kuma, malami ya riƙa lura da waɗanda yake kira, kada 'yan gaba huɗu ko biyar su cinye darasin.

Gargaɗi: Sa Ɗalibi Gaba Ba Sakin Sa Ba Ne

Waɗansu sun ɗauka ma'anar wannan hanya ita ce malami ya raba aiki ya koma ya zauna. A 1973 Stanley Erlwanger ya buga labarin wani yaro ɗan shekara 12 a Amurka, wanda ya kira Benny. Yaron yana cikin wani tsari da kowane ɗalibi ke bin takardun aiki shi kaɗai, ana duba amsarsa kawai, kuma ana ganinsa cikin na gaba-gaba a ajinsu. Da Erlwanger ya zauna ya yi hira da shi, sai ya tarar yaron ya ƙirƙiri ƙa'idojin kansa: a wajensa 2/10 daidai take da 1.2, kuma 0.3 + 0.4 tana ba da 0.07. Ya daɗe a haka ba wanda ya sani, domin ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake tunani.

Haka kuma a 2006 masana uku, Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark, sun yi kashedi cewa ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda, saboda haka sabon shiga da aka bari ya lalubo kome da kansa yakan ɓata ne kawai. Har ila yau, da aka sake binciken bidiyo na TIMSS a 1999 a ƙasashe bakwai, an ga waɗansu wuraren da ɗalibansu ke yin fice, kamar Hong Kong da Jamhuriyar Cek, ba irin salon Japan suke bi ba. Abin da ya haɗa masu ficen shi ne, idan tambaya ta bukaci tunani, malamansu ba sa mai da ita haddar matakai.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Akwai abin da ba a tattaunawa a kansa, faɗa ake yi: sunayen siffofi, ma'anar alamomi, yadda ake riƙe kayan awo. Akwai kuma abin da sai an maimaita har ya zama jiki, kamar jadawalin sau. Ba kowane darasi ne zai zama na tattaunawa ba. Ko sau ɗaya a mako aka yi shi da kyau, musamman a farkon sabon babi, ya wadatar a matsayin mafari.

Aji Mai Cunkoso da Haɗin Kan Malamai

Malami zai ce, ɗalibaina sun fi 80, manhaja kuma tana da tsawo. Gaskiya ne. Amma aikin bibbiyu ba ya bukatar a motsa benci. Ba dole ne malami ya duba kowa ba, in ya duba layi biyu yau, gobe ya duba waɗansu. Ana iya raba allo gida huɗu, ɗalibai huɗu su rubuta hanyoyinsu a lokaci guda, don a rage ɓata lokaci. In harshen koyarwa ne ke ɗaure wa yara baki, a bar su su tattauna da Hausa tsakaninsu, sa'an nan a taimaka musu su mai da bayanin cikin harshen da za su rubuta jarrabawa da shi. Game da manhaja kuwa, babin da aka fahimta ba ya bukatar a sake koyar da shi sau uku kafin jarrabawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman Japan suna da al'adar da suke kira jugyo kenkyu, wato nazarin darasi: malamai su shirya darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya suna lura da abin da ɗalibai ke yi, daga baya su zauna su tattauna su gyara. Irin wannan tunani ya iso Afirka ta hanyar shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da aka fara a Kenya a 1998 tare da hukumar JICA ta Japan, wanda a 2006 aka fara irinsa a Jamhuriyar Nijar, da kuma Nijeriya a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Malaman lissafi biyu ko uku a makaranta ɗaya ba sa bukatar jiran wani shiri kafin su fara shiga ajin juna.

Kammalawa

Ga ɗalibi, kiran shi ne ya daina ɓoye littafinsa in bai tabbata da amsa ba. Ya faɗi abin da ya samu da yadda ya same shi, ya saurari na abokinsa, in ya ga amsa ya tambayi kansa ko ta shiga hankali. Ga malami kuwa, ya zaɓi tambaya guda mai kyau, ya warware ta a gida ta hanyoyi da yawa, ya yi shiru na daƙiƙa uku, kuma kada ya tashi aji bai ƙulla hanyoyin da aka kawo ba.

Ga aikin gwaji. A zana hatimi mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance. A sa lambobi 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na karkace, zai ba da jimla iri ɗaya. Irin wannan tsari ne malamin nan Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a kansa. Tambayoyin tattaunawa biyu ne: me ya sa dole jimlar kowane layi ta zama 15, kuma me ya sa ba lambar da za ta zauna a gidan tsakiya sai 5? A fara da haɗa lambobin tara gaba ɗaya, sa'an nan a ƙirga layukan da suka ratsa ta tsakiya. Malam ya riƙe amsarsa, ya bar aji ya yi magana. Allah ya ba da sa'a.